Dangi a Ƙetare da Laifin Ƙuruciya: Yadda Amurka Ke Auna Wanda Za Ta Ba Asirinta



Sa'ad da aka kawo mini goron gayyata an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, sai dai an ce ya zama abin da ya shafi matasa da aikin gwamnati. Na tabbata waɗansunku da suka ga kan maganar a jikin allo sun ce a ransu, mu da ke nan ina ruwanmu da asirin gwamnatin Amurka? To, ku tara hankalinku. A cikin wannan ɗaki da wuya a rasa mai wa, ko ya, ko kawu da ya tafi karatu Amurka ya zauna har ya zama ɗan ƙasa. Idan kuwa wannan ɗan'uwa ya taɓa neman aikin da ya shafi tsaro a can, to, ba mamaki sunan ɗayanku, da ranar haihuwarsa, da unguwar da yake zaune, suna nan a rubuce cikin wani fayil a hayin teku, shi kuwa bai sani ba. Watau ku ne dangin ƙetaren da zan yi magana a kansu. Waɗansunku kuma nan gaba su ne za su zauna su cika takardar da hannunsu.

Bari mu fara da sanin abin da ake nema. Gwamnatin Amurka ta kasa asirinta hawa uku, gwargwadon ɓarnar da fallasa shi za ta jawo wa tsaron ƙasa: akwai na ƙasa, da na tsakiya, da na ƙoli. Duk wanda aikinsa zai kai shi ga ɗayansu, ko soja ne, ko ma'aikacin jakadanci, ko tafinta, ko injiniyan kamfanin da ke ƙera wa soja jirage, har ma mai gyaran kwamfutocin ofis, sai an bincike shi an ba shi izini tukuna. Wannan izini shi zan riƙa kira izinin asiri. Ba ƙaramin al'amari ba ne, gama a shekarar 2019 waɗanda aka amince musu sun haura mutum miliyan 4. Mutum ba ya tashi ya nema wa kansa, sai ma'aikata ko kamfanin da zai ɗauke shi ya nema masa. Kuma a bisa ƙa'ida 'yan ƙasa ake ba, sai dai wanda aka haifa a Kano ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa daga baya, a gaban doka daidai yake da wanda aka haifa a Shikago. Umurnin da Shugaba Clinton ya sa wa hannu a 1995 ya hana a ƙi mutum saboda launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙasar asalinsa. Haka yake a rubuce. Yadda abin ke kasancewa a aikace za mu zo kansa.

Matakin farko shi ne cika wani fom da ake kira SF-86, mai shafi fiye da 100, wanda aka daɗe ana aiki da shi, ko da yake a 2023 an amince da wani sabo da zai gaje shi. Fom ɗin yana so ka faɗi duk inda ka zauna da inda ka yi aiki cikin shekara 10 da suka wuce, tare da wanda zai shaide ka. Yana so ka lissafa uwa da uba, da matar uba ko mijin uwa, da wanda ya riƙe ka, da 'ya'ya, da 'yan'uwa shaƙiƙai, da 'yan uba, da surukai, kowa da ranar haihuwarsa da ƙasarsa da mazauninsa, da wurin aikinsa idan baƙo ne, da ko yana da alaƙa da wata gwamnati ko soja. Yana tambayar duk wani baƙo da kuke da kusanci ko hulɗa mai ɗorewa cikin shekara 7. Yana tambaya ko kana da gida ko fili ko ajiyar banki a wata ƙasa, da ko ka taɓa ɗaukar nauyin wani baƙo da kuɗi. Bayan an cika sai mai bincike ya bi sawu, ya je wurin maƙwabta da tsofaffin abokan aiki, ya duba littafin 'yan sanda da na bashi, sau da yawa kuma ya zaunar da mai nema ya yi masa tambayoyi baki da baki.

Abin da aka tara sai a auna shi da ƙa'idoji 13, waɗanda siffarsu ta baya-bayan nan ta fara aiki a watan Yuni na 2017. A cikinsu akwai biyayya ga ƙasa, da tasirin ƙetare, da fifita wata ƙasa, da halin mutum, da sha'anin kuɗi, da giya, da ƙwaya, da aikata laifi, da sauransu. An umurci mai aunawa ya dubi mutum ɗungurungum, kada ya tsaya kan aibi guda: ya duba girman abin da ya faru, da shekarun mutumin a lokacin, da ko ya maimaita, da tsawon lokacin da ya wuce, da ko ya gyara halinsa.

A nan ne ya kamata mu fahimci abu guda, wanda in ba a fahimce shi ba duk sauran zai zama kamar zalunci tsagwaronsa. Wannan bincike ba shari'a ba ce. A kotu sai an tabbatar da laifinka kafin a hukunta ka, shakka kuwa riba ce ga wanda ake tuhuma. A nan akasin haka ne, duk shakkar da ta rage ana warware ta ne don amfanin tsaron ƙasa. A 1988 Kotun Ƙoli ta Amurka, a ƙarar wani lebura mai suna Egan da ya rasa aikinsa a wani sansanin jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa, ta yanke cewa ba wanda ke da haƙƙin a ba shi izinin asiri, kuma in za a yi kuskure gara a yi shi wajen hanawa. Saboda haka tambayar mai aunawa ita ce, idan maƙiyi ya so ya kama wannan mutum, ina zai riƙe shi? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin mai aunawa ke nan, neman tsaga.

To, mu zo kan dangi. Mu ƙaddara wani yaro daga cikinmu ya gama digirin injiniya, ya tafi Amurka ya ƙaro karatu, ya yi aure, ya zama ɗan ƙasa, wani kamfanin ƙera kayan soja ya ɗauke shi aiki ya miƙa masa fom. Mahaifinsa mata uku gare shi da 'ya'ya 19. Wurin da aka tanada domin 'yan'uwa, wanda Ba'amurke zai cika da suna biyu ya wuce, shi sai ya kwana uku yana bugo waya gida. Ranar haihuwar tsohuwarsa ba wanda ya rubuta, an ce dai shekarar da aka yi fari ce. Sunan wansa a fasfo daban, a takardar makaranta daban, domin a ɗaya an sa sunan uba, a ɗaya an sa sunan gari. Gwaggon da ta riƙe shi tun yana ɗan shekara uku, wadda yake kira Inna, sai ya tsaya ya yi tunanin gurbin da za ta shiga. Sa'an nan aka zo tambayar kuɗi: ka taɓa ɗaukar nauyin wani baƙo? Yaron nan duk wata sai ya aiko da na cefane, shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa huɗu, ya biya wa tsohonsa kujerar Makka, yana kuma da fili a bayan gari da ya fara zuba bulo. A wurinmu wannan shi ne ɗan halak, wanda za a sa wa albarka a ce Allah ya ba mu irinsa. A kan teburin mai aunawa kuwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan igiya ce da wani zai iya ja.

Kada ku ce mai aunawa ya zargi tsohuwar da leƙen asiri. Bai zarge ta da kome ba. Lissafinsa shi ne, in wani ya je ya tsare tsohuwar nan, ko ya yi barazanar korar wan nan daga aiki, ko ƙwace filin nan, sa'an nan ya bugo waya ya ce a aiko da zane kaza, yaron zai iya cewa a'a? Abin mamaki shi ne, iyakar ƙaunarka ga mahaifiyarka, iyakar ƙarfin igiyar. Wanda ya yi shekara 20 bai gaida uwarsa ba ya fi sauƙin wucewa ta wannan ƙofa bisa mai kiranta kowace Juma'a. Mu da muka tashi ana gaya mana zumunta a ƙafa take, wannan magana tana da ɗaci, amma haka lissafin yake.

Muna iya sanin yadda ake yanke irin wannan hukunci domin Ma'aikatar Tsaro ta Amurka tana da ofishin sauraron ƙorafi na ma'aikatan kamfanonin da ke mata kwangila, kuma yakan buga hukunce-hukuncensa ga kowa ya karanta, an cire sunaye. Wanda aka yi niyyar hana shi akan ba shi takarda mai bayyana dalilai, ya ba da amsa, in ya so ya nemi zama gaban alƙali, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara. Duk wanda ya karanta waɗannan hukunce-hukunce zai ga cewa samun dangi a waje shi kaɗai ba ya hana izini. Abin da alƙali ke fara dubawa shi ne wace ƙasa ce. Ƙasar da aka san tana farautar asirin Amurka, irin su Sin da Rasha da Iran, nauyin da ke kan mai nema ya fi kowane tsanani. Ƙasa irin tamu kuwa, wadda ke zaman lafiya da Amurka, abin da akan ambata shi ne ta'addanci da satar mutane don kuɗin fansa, wato ko da gwamnati ba za ta matsa wa danginka ba, akwai waɗanda za su iya. Sa'an nan a dubi aikin dangin: manomi daban, kanar na soja daban. Kuma akan ɗauka cewa hulɗar mutum da iyayensa da 'yan'uwansa na jini ba ta sama-sama ba ce, haka ma da iyayen matarsa, sai in ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

A ɗaya gefen sikeli kuma akan ɗora abin da ya ɗaure mutum da Amurka: shekarun da ya yi a can, matarsa da 'ya'yansa in 'yan ƙasa ne, gidansa da ajiyarsa in sun rinjayi abin da ya mallaka a waje, aikin soja in ya yi. Tafintocin da suka bi sojan Amurka cikin hatsari a Iraƙi da Afganistan sukan sami nauyi na musamman, domin an riga an ga abin da suka yi sa'ad da rai ke kan siratsi. Batun fasfo ma ya sassauta. Daga shekarar 2000 Ma'aikatar Tsaro takan tilasta wa mai fasfo biyu ya rabu da na waje, amma ƙa'idojin 2017 sun bar shi ya riƙe, muddin ya bayyana shi, kuma da na Amurka yake shiga Amurka yake fita. Wannan ya shafe mu, tun da tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ya ƙara da wata ƙasa.

Yanzu sai mu tambaya, shin wannan tsoro na dangi yana da tushe? Yana da shi, ba zan ɓoye muku ba. A 2005 an kama wani injiniya haifaffen Sin mai suna Chi Mak a Kalifoniya, bayan an tare ƙanensa a filin jirgin sama ɗauke da faifan bayanan jiragen ruwan yaƙi zai kai Sin, aka kuma ɗaure shi shekara 24 a 2008. Aikin gida guda ne, wa da ƙane da matansu. Amma ku dubi waɗanda suka fi yi wa Amurka ɓarna. Robert Hanssen na hukumar FBI, wanda aka kama a 2001 bayan ya yi shekaru yana sayar wa Masko asiri, haifaffen Shikago ne, ɗan ɗan sanda, mai yawan zuwa coci, ba shi da kowa a Rasha. Aldrich Ames na hukumar CIA, wanda ya fara cin amana a 1985 aka kama shi a 1994, ya karɓi fiye da dala miliyan 2, kuma ta dalilinsa aka kashe aƙalla mutum 10 daga cikin masu yi wa Amurka aiki a ɓoye a Tarayyar Sobiyet. Bashi da son abin duniya suka kai shi. Wani abin dariya a labarinsa shi ne, da ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, aka fara tambayar inda ma'aikacin gwamnati ya samo wannan, sai ya ce ai dangin matarsa a Kolombiya masu arziki ne, aka kuwa daɗe ana gaskata shi. Ga dangin ƙetare sun zama mayafi maimakon abin tuhuma. A Ingila ma, Philby da Burgess da Maclean, waɗanda suka yi wa Sobiyet aiki shekara da shekaru, 'ya'yan manya ne da suka fito daga Jami'ar Kembirij, ba wanda ya ga dalilin bincikarsu tun da an san gidajensu. Sai da biyu daga cikinsu suka gudu a 1951 kana aka ƙarfafa bincike a can. Da ɗan gari akan ci gari.

Idan tsoron baƙo ya wuce kima kuwa, tarihin Amurka ya nuna inda yake kaiwa. A 1942 an kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan, yawancinsu 'yan ƙasa, aka tsare su a sansanoni ba tare da laifi ba, sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara ta biya diyya. A 1999 an kama Wen Ho Lee, masanin kimiyya haifaffen Taiwan da ya yi aiki a Los Alamos, aka jera masa tuhuma 59, aka tsare shi shi kaɗai wata 9. A ƙarshe tuhuma ɗaya tak ya amsa, ta sakaci da bayanan asiri, alƙalin da ya sake shi a 2000 kuma ya ba shi haƙuri a bainar jama'a. Har ila yau, Ma'aikatar Harkokin Waje ta daɗe tana hana waɗansu jakadunta aiki a ƙasashen asalin iyayensu, al'adar da ta fi faɗa wa 'yan asalin Asiya, har sai da aka sanar a 2023 cewa an daina sa sabon irin wannan takunkumi. A ganina hasarar a nan ta Amurka ce kafin ta kowa, domin wanda ya san harshen wuri da al'adunsa dole yana da dangi a wurin. In kana neman mai jin Hausa kamar jakin Kano amma ba shi da kowa a ƙasar Hausa, za ka daɗe kana nema.

Mu koma ga kashi na biyu, wato ƙananan laifuffukan baya, wanda na san shi ya fi damun waɗansu a kujerun baya can. Fom ɗin yana tambayar ko an kama ka, ko an kai ka kotu cikin shekara 7. Waɗansu abubuwa kuwa tambayarsu ta har abada ce, kamar babban laifi, da laifin da ya shafi makami, ko giya, ko ƙwaya, ko dukan iyali. Tarar hanya da ba ta kai dala 300 ba, in babu giya ko ƙwaya a ciki, an yafe ambatonta. Amma ko da kotu ta shafe laifin daga littafinta, in ban da wani ƙaramin togaciya, sai ka faɗa. Kuma ba a ce sai a Amurka abin ya faru ba. Kwanan da ka yi a ofishin 'yan sanda ranar zanga-zangar ƙarin kuɗin makaranta, in ya faɗo cikin shekarun da aka tambaya, yana ciki. Haka nan ana tambayar shan ƙwaya cikin shekara 7, har da shan maganin asibiti ba bisa umurnin likita ba. Kun san dai abin da ya sa gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Ba sai na ƙara bayani ba.

Labari mai daɗi shi ne, irin waɗannan ba safai suke kada mutum ba. Wanda ya sha tabar wiwi sau kaɗan yana ɗalibi, ya bari shekaru da suka wuce, ya rabu da abokan shan, ya sa hannu cewa ba zai koma ba, yawanci yakan wuce. A watan Disamba na 2021 shugabar hukumomin leƙen asirin Amurka ta lokacin, Avril Haines, ta fitar da bayani cewa shan wiwi a baya abin dubawa ne amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Wanda doka ta rufe wa ƙofa shi ne mai sha a halin yanzu, ko da kuwa jihar da yake zaune ta halatta, domin dokar tarayya ake bi. Faɗa guda a filin ƙwallo, ko tuƙi cikin maye sau ɗaya shekara 8 da suka wuce, lokaci yakan wanke su. Abin da ba ya wankuwa da sauƙi shi ne maimaici, wato ƙananan laifuffuka biyar ko shida a jere, waɗanda kowanne shi kaɗai ba kome ba ne, amma a haɗe suna nuna mutumin da bai ɗauki doka a bakin kome ba. Suna da dalilin wannan tsoro. Aaron Alexis, wanda ya harbe mutum 12 a wani sansanin sojan ruwa a Washinton a 2013, yana riƙe da izinin asiri, alhali tun 2004 an taɓa kama shi don ya harbe tayoyin motar wani cikin fushi, rahoton binciken kuwa bai ambaci bindiga ba. Tun daga irin wannan ne aka koma ga bibiyar masu izini a kai a kai ta hanyar kwamfuta, maimakon a jira shekara 5 ko 10 kafin a sake dubawa. Af, kada in manta: abin da ya fi kowane yawan kada mutane a hukunce-hukuncen nan da ake bugawa ba dangi ba ne, ba kuma wiwi ba, bashi ne da aka ƙi biya da harajin da aka ƙi kaiwa.

Saura abu guda, wanda shi ne ya haɗa kashi biyun nan. Yin ƙarya da gangan a kan fom ɗin laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 5. Ko ba a kai ga kotu ba, ƙa'idar halin mutum ta tanadi hana izini ga wanda ya ɓoye gaskiya. Sau da yawa za ka karanta hukuncin da alƙali ya ce shan wiwin nan ya daɗe, ya wanku, amma da aka tambaye ka bara ka ce ba ka taɓa ba, wannan sabo ne, saboda haka an hana. Laifin shekara 10 ya mutu, ƙaryar da aka rufe shi da ita ta tashe shi. Hikimar a bayyane take in muka koma ga tambayarmu ta farko. Abin da ka riga ka faɗa wa gwamnati ba wanda zai tsorata ka da tona shi. Abin da ka ɓoye kuwa, duk wanda ya sani ya riƙe ka, kuma kullum riƙon ƙara ƙarfi yake, domin yanzu asiri biyu kake tsaro, laifin da kuma ƙaryar.

Ba misalin da ya fi na Robert Oppenheimer, masanin da ya shugabanci ƙera bom na nukiliya na farko a Los Alamos. Matarsa da ƙanensa duk sun taɓa zama 'yan jam'iyyar Kwaminis, hukuma ta san haka, ta kuma ba shi izini a 1943 domin ba ta da kamarsa. Wajen farkon wannan shekara wani abokinsa, Haakon Chevalier, malamin Faransanci, ya gaya masa a gidansa cewa akwai wani mai hanyar isar da bayanai ga Sobiyet. Oppenheimer ya ƙi nan take. Amma ya yi watanni bai kai rahoto ba, da ya tashi kaiwa kuma, don ya kare abokinsa, sai ya ƙaga labari ya ce mutum uku aka tuntuɓa, ya kuma ƙi faɗin sunan abokin sai da aka matsa masa. Shekara 11 bayan haka, sa'ad da ya yi maƙiya masu ƙarfi saboda adawarsa da bom na haidirojin, sai aka tono wannan magana aka zaunar da shi a 1954, aka sa ya amsa da bakinsa cewa ƙarya ya yi. Kwamishinoni 4 cikin 5 suka ƙwace izininsa, saura kwana guda kwangilarsa ta ƙare. Ba a taɓa nuna ya ba kowa asiri ba. A watan Disamba na 2022 Ma'aikatar Makamashi ta soke wannan hukunci ta ce ba a yi masa adalci ba, shekara 55 bayan mutuwarsa. Lalle an zalunce shi, kuma ƙiyayya ce ta tuƙa shari'ar. Amma sandar da aka doke shi da ita, shi ya sassaƙa ta da hannunsa, kuma don kara ya sassaƙa ta, irin karar da kowane ɗayanmu zai yi wa aboki.

Wannan kara ita nake ji wa yaronmu injiniya tsoro fiye da yawan 'yan ubansa. Mu mutane ne masu kunya da rufa wa juna asiri. Zai ji nauyin rubuta cewa wansa soja ne, kada ya jawo masa magana. Zai ga filin nan ai bai kai a ambata ba. Zai ce kuɗin da yake aika wa Inna ai ba ɗaukar nauyi ba ne, haƙƙi ne. Wani ma daga gida za a ba shi shawara a ce rage sunayen, wa zai zo nan ya ƙirga? Alhali kuɗin ta banki suka bi, tambarin shiga da fita yana cikin fasfo, hotunan bikin sallah da wan a cikin kakinsa suna nan a Facebook.

Tsoron nasa na jawo wa dangi magana kuwa ba na banza ba ne, dole in faɗi wannan don adalci. A 2015 aka gano cewa an kutsa cikin kwamfutocin ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka an kwashe bayanan binciken mutum miliyan 21 da rabi, har da zanen yatsun mutum fiye da miliyan 5, jami'an Amurka kuma suka ɗora zargin a kan Sin. Fom ɗin da aka tilasta wa mutane su zayyana sunayen iyayensu da adireshinsu don kada maƙiyi ya sami igiya, shi ne maƙiyi ya kwashe gaba ɗaya. Dangin da ke cikin waɗannan takardu ba wanda ya nemi yardarsu kafin a rubuta su.

Duk da haka, in wanku ya bugo waya daga can yana tambayar ranar haihuwar Baba, da ainihin sunan ma'aikatar da Yaya ke aiki, da muƙaminsa, ku faɗa masa daidai yadda yake. Wanda ba a san ranarsa ba a ce ba a sani ba, fom ɗin yana da wurin da ake nuna cewa ƙiyasi ne, kada a ƙaga wata rana don a cika gurbi. In kuma kun ji ya rage yawan magana a kan aikinsa, ko ya ce zai sayar da filin nan, ko ya ce sai ya sanar da ofis kafin ya zo gida hutu, kada a ce ya zama Bature ya yar da dangi. Sharaɗin aikin ne, kuma da albashin wannan aiki ake biyan kuɗin makarantar waɗansunku.

Na ga shugaba yana duban agogo, kuma an ce a bar lokaci domin tambayoyi.